Wa Zai Riƙe Littafin Inshorar Yaranmu? Jawabin Kwamitin Makaranta a Taron Iyaye da Malamai, Agege

 

Abin da ya tara mu yau shi ne littafin nan da makarantarmu ta buɗe, wanda ake rubuta yaran da ke da inshorar lafiya. Kun dai san mafarinsa. Zangon da ya wuce wani yaro ya yanke jiki ya faɗi a aji. Mahaifinsa yana kasuwar Mile 12, waya ba ta shiga. Malam ya kai shi asibiti mafi kusa, aka ce sai an ajiye kuɗi, ya biya daga aljihunsa. Ashe yaron yana da kati, amma a wani asibitin aka yi masa rajista. Alhamdu lillahi ya warke.

Jama'a, zamani ya zo da wannan abu. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa a Nijeriya. Nan Legas kuma akwai shirin jiha mai suna Ilera Eko. To, sanin wane yaro ke da wanne, a nan gizo ke saƙa.

Ku duba. Shirin ma'aikatan tarayya yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Gidajenmu kuwa kun san su. Sai ka ga yara uku daga gida guda, ɗaya yana ciki, biyu ba sa ciki. Ga 'yan riƙo da aka kawo daga Kano ko Katsina, rajistarsu tana can gida. Wanda ya saya da kuɗinsa kuma, in wa'adi ya cika bai sabunta ba, katin ya zama takarda kawai.

Duk wannan malamai ke bi. Su buga waya da kuɗinsu, su hau babur zuwa gidaje, su bar aji suna gyaran littafi. Kuɗin hoton takardu kuma daga asusun alli da gyaran benci yake fita. Mun ɗauki malami ya koyar ne, ba ya zama akawu ba.

Don haka muna roƙon abu uku. Na farko, kowane uba ya kawo hoton katin ɗansa, da sunan asibitin da aka yi masa rajista, da lambar waya biyu, a makon farko na kowane zango. Na biyu, wanda ɗansa ba shi da kati ya faɗa, ba abin kunya ba ne, mu dai mu sani. Na uku, ƙungiya ta ba mu mutum biyu, namiji da mace, su karɓi littafin daga hannun malamai, a ware musu ɗan abin waya da na mota daga kuɗin wata.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin a tashi muna son jin sunayen mutum biyun nan.

Allah ya ba yaranmu lafiya da ilmi mai albarka.