GIGIN TSUFA CIWO NE, BA MAITA BA



Dattawanmu na nan Garki za su tuna da ma'aikatan Hukumar Lafiya ta Duniya da suka yi ta zaga ƙauyukanmu daga 1969 zuwa 1976, suna ɗibar jini a yatsa don binciken zazzaɓin cizon sauro. Abin da ido bai gani ba, na'ura ta nuna shi. Yau ma maganar na'ura na kawo muku, amma wadda take leƙa cikin kan tsoho.

Duk mun san irin wannan. Tsohuwa ta ci tuwo yanzu, ta ce ba a ba ta komai ba. Tsoho ya fita zuwa gona, sai a tsinto shi a wani gari. Wasu su ce tsufa ne kawai. Wasu kuwa su ce maita ce take tona kanta, musamman idan an gan ta tana yawo da dare tana sambatu. 'Yan'uwa, wannan zargi ya raba gidaje da yawa.

Likitoci suna da na'urori biyu na ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa: CT da MRI. Ba a yanka mutum, ba zafi. Kwanciya kawai zai yi, sai dai MRI tana da ƙara, tana kuma ɗaukar kamar rabin awa. Me ake gani?

Na ɗaya, a cutar Alzheimer, wadda wani likitan Jamus ya fara bayyanawa a 1906, sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon abu shi ne yakan fara motsewa. Shi ya sa Baba yake tuna yunwar 1973 tiryan-tiryan, amma ya manta wanda ya gaishe shi da safe.

Na biyu, ana ganin tabon ƙananan jijiyoyin jini da suka toshe. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen jawo wannan.

Na uku, wani lokaci jini ne ya taru a hankali cikin ƙoƙon kai bayan faɗuwa, ko daga kan babur ko a banɗaki. Wannan ana yi masa aiki, mutum ya dawo hayyacinsa. Ku duba irin asarar da za a yi idan an kulle shi a ɗaki ana cewa tsufa ne.

Ba ciwon Turawa ba ne kaɗai. Wani bincike da aka yi a Zariya, aka buga a 2011, ya sami kusan tsofaffi 3 cikin 100 da wannan larura.

Gaskiya ɗaya ce: har yanzu babu maganin da yake warkar da Alzheimer, kuma hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai likita ya yi tambayoyi, ya ji daga bakin wanda yake zaune da tsohon. Shi ne zai ce ko a je Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a ɗauki hoto.

Roƙona uku ne. Kowane dattijo ya riƙa auna jininsa, ya kuma sha magani ba fashi. Idan mantuwa ta zo farat ɗaya, ko bayan faɗuwa, a tafi asibiti ba jinkiri. Sannan dattawa, idan kun ji an kira wata tsohuwa mayya, ku tsawatar. Ku kuma tsara masu ziyara, domin surukar da take jinya ita ma ta sami hutu.

Wanda ya goya mu, ko ya manta sunanmu, mu kada mu manta da shi.

 Ubangiji ya ba iyayenmu lafiya.