Saƙon Waya Ba Kuɗi Ba Ne: Jawabi Ga 'Yan Kasuwar Sabo



An ce mu ɗan yi bayani a kan damfarar waya da intanet. To jama'a, mu nan Kurmi cinikinmu na goro da shanu da hatsi a kan amana ya ginu tun zamanin kakanni. Da na 'yan 419 wasiƙa suke rubutowa. Na yanzu kuwa cikin aljihunmu suke, a waya.

Abin da ya fi cin mu shi ne alat na bogi. Tun da aka yi ƙarancin takardun naira a farkon 2023, kowa ya koma karɓar tiransifa, har mai tsire. Sai mutum ya zo cikin shiga ta mutunci, a yi ciniki bai ko taya sosai ba, ya ce, "Alhaji na tura." Wayarka ta yi ƙara, ga sunan banki, ga adadi daidai. Alhali shi ya ƙirƙiro saƙon, ko sisi bai shiga ba. Kuma ku lura, a kullum sauri yake yi, wai mota na jiransa. Mu kuma kunya ta hana mu tsai da shi. Don Allah a ajiye kunyar nan. A buɗe asusu a ga kuɗin sun ƙaru tukuna, sannan a ɗaura kaya. Wanda bai iya dubawa ba ya kira yaronsa. Mai gaskiya ba zai ƙi jiran minti 5 ba.

Sai masu bugo waya su ce daga banki ne, za a rufe asusunka sai ka faɗi lambar katinka, ko lambar sirri, ko wadda aka turo maka yanzu. Ko da sun karanto maka sunanka da BVN ɗinka mai lamba 11, kashe wayar. Banki ba ya tambayar lambar sirri. Haka lambobi 6 na WhatsApp: ranar da ka ba da su an ƙwace shi, a shiga roƙon 'yan'uwanka na Arewa da sunanka.

Batun ninka kuɗi kuwa, mun ga MMM da ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta daskare a Disamba 2016. CBEX ma ta rushe a Afrilu 2025, har aka far wa ofishinta a Ibadan. Wace tirela ta goro ce ke ba da irin wannan riba? Balle ga tambayar halacci, wannan mun bar wa malamai.

Wanda abin ya faɗa wa kada ya ɓoye don gudun dariya. Ya garzaya banki a ranar a toshe asusun, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, ya kuma sanar da shugaban layinsu a kasuwa.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu. Wassalamu alaikum.