Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu: yadda muke shirya fitar masu motoci

Yau ba baƙo, ni kaɗai ne. Mutane da yawa sun yi ta tambaya ta a inbos kan wannan fita da muke shiryawa zuwa Argungu, shi ya sa na ce bari in zauna in yi bayani gaba ɗaya, kowa ya ji.

Abin ya samo asali ne daga guruf ɗinmu na WhatsApp, na masu sha'awar mota a Birnin Kebbi. Kullum sai turo hoton mota, sai gardamar Toyota da Honda, amma rabinmu ba mu taɓa yin musabaha ba. Sai wani ya ce, to mu fita mana, mu jera motoci zuwa Argungu, mu shimfiɗa tabarma mu ci abinci, mu dawo. Cikin awa ɗaya mutum 30 sun ce suna ciki. Da aka ce a fara karo-karo, sai muka koma 14. Kun dai san halinmu.

Me ya sa Argungu? Na farko, kusa ne. Kilomita 50 da 'yan kai, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba idan hanya ta yi kyau. Ka fita ta wajen Ambursa inda filin jirgin sama yake, ka miƙe. Na biyu, garin yana da abin gani. Akwai gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, inda za ka ga makamai da tambura da kayan su na da. Akwai Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi da aka faro tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya. Kuma wallahi akwai 'yan guruf ɗinmu da aka haifa a Birnin Kebbi, sun je Abuja sun je Dubai, ba su taɓa taka ƙofar gidan tarihin nan ba.

Sannan mota da Argungu ba yau suka saba ba. Cikin shagulgulan bikin akwai ayarin motoci. A 2020, da aka dawo da bikin bayan ya yi shekaru ba a yi ba, hukumar NADDC mai kula da ƙera motoci ta taso da ayari tun daga Abuja, da motocin da aka harhaɗa a Najeriya. Shugabanta a lokacin Jelani Aliyu ne, ɗan Sakkwato, wanda ya zana Chevrolet Volt a Amurka. Namu ƙarami ne, ba za mu haɗa kanmu da su ba, amma dai ba mu muka fara ba.

To ga inda rigima ta tashi. Wasu suna son a yi gudu. Suna son idan mun isa a samu fili a yi wasan mota, a juya taya, ƙura ta tashi, a ɗauki bidiyo a sa TikTok. Ni na ce a'a, kuma na kafe. Wani ya ce mini, "Yaya, kai tsufa ya kama ka." Na ce na yarda.

Bari in gaya muku dalili. Shekaru kaɗan da suka wuce mun yi rakiyar amarya a wannan hanyar, mota kusan goma. Ina ta uku. Wani abokinmu daga baya ya ga kamar ana ɓata masa lokaci, ya fito ya yi oba, mota uku a jere. Daidai nan wata amalanken shanu ɗauke da buhunan shinkafa ta fito daga gona, yaro ne ke jan ta, bai fi shekara 12 ba. Birki ya yi ƙara, motar ta sauka daga kwalta, ta tsaya ƙiris da yaron. Ba wanda ya ji ciwo, Allah ya tsare. Amma wani dattijo da ke zaune bakin hanya ya taso ya dube mu ya ce, "Ku 'yan birni, mi munka yi muku?" Ba wanda ya iya ba shi amsa. Har yau idan na bi wurin sai na ji muryarsa.

Wannan hanya ta manoma ce. Kwarin Rima ƙasar shinkafa ce, ga babban kamfanin casa a Argungu, ga na Birnin Kebbi, kuma lokacin girbi babura da amalanke da jakuna ba sa rabuwa da kwalta. Dokar hanya ta ce ƙaramar mota kilomita 50 cikin gari, 80 a babbar hanya irin wannan. Mu mun tsayar da 70 a ayarinmu. Mota ɗaya a gaba tana jan tafiya, ba mai wuce ta. Mota ɗaya a ƙarshe, cikinta akwai bakanike da kayan aikinsa da igiyar ja. Ba oba tsakaninmu. Kowa ya bar tazara, don idan na gaba ya taka birki saboda akuya, kada mu haɗu mu yi tuwo. Mai tuƙi ba ya riƙe waya, wanda ke gefensa shi ne mai ɗaukar hoto. Wanda ya karya, ba faɗa ba zagi, zai ga an cire shi daga guruf.

Rigima ta biyu ta fi ba ni haushi. Wani ya kawo shawarar a ce sai mota "mai kyau" za ta shiga, wai don hoto ya fito. Nan take wani ƙaninmu mai tsohuwar Golf ya yi shiru, bai ƙara magana ba sai da na kira shi. Mun yanke cewa abin da za a duba lafiyar mota ne: taya, birki, fitila, sigina, sifeya da jak, abin kashe gobara, takardu da lasin. Kwana biyu kafin tafiya kowa zai kai motarsa gareji ɗaya a duba bakin mai da ruwan lagireto. Akwai wani Baba da ya ce zai fito da Fijo 504 ɗinsa irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, kuma na rantse muku ita za a fi ɗauka hoto, ba Camry ɗin kowa ba.

Maganar mai, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san yadda ake ciki. Zuwa da dawowa da 'yar zirga-zirga cikin gari, ka ƙaddara kilomita 120. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta ci lita 12. Ka zuba 20 hankalinka ya kwanta. Wanda ke da kujera ba kowa ya ɗauki wanda ba shi da mota, su raba kuɗin.

Lokaci, mun zaɓi Asabar cikin hunturu, kafin zafin Maris da Afrilu ya sauko, don zafin Kebbi ba a zama da shi a tabarma. Matsalar hunturu hazo ne, shi ya sa ba za mu yi sammako sosai ba. Haɗuwa ƙarfe 8 wajen filin wasa na Haliru Abdu, tashi ƙarfe 9. Gidan tarihi tukuna, sai sallar Azahar, sai abinci, muna idar da La'asar mu kamo hanya. Ba wanda Magariba za ta riska a hanya. Wannan ba wasa ba ne, duk mun ji abin da ya faru a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024. Don haka za mu sanar da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra, ba za mu ratse cikin daji neman wurin hoto ba, kuma ba za mu sa ranar tafiya a fili ba. Wanda ya biya za a gaya masa.

Abinci kam an gama magana: dafa-duka a kula, dambun nama, zoɓo da kunun aya. Kifi a can za mu saya, don abin kunya ne ka ɗauki kifi daga gida ka kai Argungu. Amma kada wani ya zo da ƙugiya yana cewa zai gwada sa'arsa a Matan Fada. Wurin yana da masu shi, akwai Sarkin Ruwa, kuma ba a su a nan sai lokacin biki. Mun wakilta mutum biyu su je kafin ranar, su yi gaisuwa, su nemi izini, a nuna mana inda za mu zauna. Kowace mota ta zo da buhu ɗaya na kwashe leda da roba.

Abin da ya rage ba mu warware ba shi ne zuwa da iyali. Wasu na son su zo da matansu da yara, wasu sun ce karon farko a bari mu gane hanya tukuna. Ni ina tare da masu cewa a zo da su, ko don na san mutum ba ya taka mota yadda ya ga dama idan 'yarsa na kujerar baya. Ranar Juma'a da dare za a jefa ƙuri'a a guruf. Ku ma ku faɗa mini ra'ayinku a ƙasa, kuma idan akwai ɗan Argungu da ya san inuwa mai kyau da za ta ɗauki mota 14, don Allah ya taɓa ni. Sai mun haɗu a shiri na gaba.