Ranar da kyamarata ta faɗa ruwa a Gurara

Yau labarin kaina zan ba ku. Na san cikinku akwai masu hoton biki, masu bidiyo, da masu haɗa abin TikTok da waya, to ku ba ni aron kunnuwanku.

A ƙarshen daminar bara wani ango ya ɗauke ni daga Kaduna muka je Gurara, can jihar Neja a hanyar Suleja zuwa Minna, don a yi musu hotunan kafin aure. Duk wanda ya taɓa zuwa ya san santsin duwatsun wurin. Ina ja da baya don gangarowar ruwan ta fito sosai a bayan amarya, sai ƙafata ta zame. Ni dai gwiwa na kurje. Kyamara kuwa, da gilashinta da filasha a kanta, tsundum cikin wani gurbi mai ruwan laka. Ba ta fi daƙiƙa biyar a ciki ba na fizgo ta, amma allon bayanta ya riga ya ɗauke.

Kyamarar nan adashen wata goma na yi na saye ta. Amma wallahi ba ita ta fara faɗo mini a rai ba. Memorin da ke ciki na ɗauke da hotunan kamun wani biki da na yi kwana ɗaya kafin nan, ban kwafe su ba. Kamu kuwa ba a maimaita shi.

Yaron da ke riƙe mini jaka ya ce, "Oga, kunna ta mu ga ko tana yi." Yatsana har ya kai kan maɓalli, Allah ya taimake ni na janye. Nan nake so ku nutsu. Ruwa shi kaɗai ba ya cika kashe na'ura nan take. Ruwan kogi yana ɗauke da laka da sinadaran ƙasa, wuta tana bi ta cikinsa. Da ka kunna, wutar ta bi hanyar da ba tata ba, allon wayoyin ciki ya ƙone. Kuma ko a kashe take, muddin batir yana ciki akwai sassan da wuta ke kaiwa, wuta da ruwa kuwa idan suka haɗu tsatsa take ci da gudu. Don haka batir na fara zarewa, sai memori, sai baturan filasha. Na kwance gilashin, na buɗe duk wata 'yar ƙofa da ke jikin kyamarar, na kifa bakinta ƙasa ruwan ya tsiyaye, na goge bayanta da rigata. Sensa ban taɓa ta ba.

Ango ya ce, "Malam, to hotunan namu fa?" Da wayata na ƙarasa musu, na kuma rage masa kuɗi.

Da na koma gida Hajiyarmu ta ce in tusa ta cikin buhun shinkafa. Kowa haka zai ce maka. Shinkafa ba ta da wani abin kirki da take tsotsa, ƙurarta kuma shiga ciki take yi. Kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi mutane kada su sa jiƙaƙƙiyar waya cikin shinkafa. Shanyawa a rana ma kar ka fara, zafi yana lalata roba da gam ɗin da ke riƙe da gilasai. Dirayar gashi kuwa tura ruwan take yi can lungun da bai kai ba. Abin da na yi, na ajiye kayan gaban fanka na 'yan awoyi, sannan na rufe su cikin roba mai murfi tare da silika, 'yan ƙunshin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi. Ku daina yar da su.

Memorin na goge shi, na bar shi ya sha iska har safe, na ja ɗan makullin gefensa, sannan na sa a kwamfuta. Komai ya fito. Na kwafe a wuri biyu kafin in karya kumallo. Memori yana da juriyar ruwa fiye da yadda muke zato. Idan naka ya ƙi buɗewa, kwamfuta ta ce a goge shi a sake tsara shi, kar ka yarda. Akwai manhajoji irin su Recuva da PhotoRec masu zaƙulo hotuna.

Bushewa fa ba ita ce warkewa ba. Ruwa ya tafi, laka tana nan manne da wayoyi. A safiyar na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran kyamara. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Yaro, ka kunna ta?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To da sauran magana." Ya kwance ta, ya wanke allon da sipirit ɗin masu gyara mai suna isopropyl, wanda ke bushewa ba ya barin komai. Ya nuna mini wani ɗan mitsitsin batir a ciki, mai riƙe lokaci da kwanan wata. Ka cire babba, wannan yana nan yana ba da wuta, shi ya sa jinkiri ba shi da amfani. Don Allah kar wani ya ɗauki sukudireba ya buɗe filasha a ɗaki. Akwai kafasita a ciki da ke riƙe wuta wajen bolt 300 ko an cire batir.

Masu sauraronmu na Legas da Akara, naku ya fi tsanani. Ruwan teku cikin awoyi yake cin ƙarfe. Idan na'ura ta nutse a ciki, cire batir, ɗauraye ta da ruwa mai tsabta, ka kai ta wurin mai gyara a ranar. Kuma kyamarar da aka ce tana jure yayyafi da ƙura, ba a ce tana iyo ba.

Bayan kwana biyar kyamarata ta tashi, har yau da ita nake aiki. Filasha ta mutu. Batirin ban sake sa shi a caji ba, don batirin lithium da ya sha ruwa yana iya kumbura ko ya kama wuta.

Inda na yi wauta shi ne gilashi. Baba ya ce in bar shi ya buɗe shi ma, na ga kuɗin ya yi mini yawa, na ce ai ya bushe. Bayan kamar wata ɗaya hotuna suka fara fitowa dishi-dishi, sai ka ce a hazo. Na haska tocila ciki na ga fumfuna ta yi saƙa kamar ta gizo-gizo. Da na mayar masa, ya ce ta riga ta ci fuskar gilashin, wanki ba zai fitar da tabon ba. Wanda nake amfani da shi yanzu aro ne, na kuma shiga sabon adashe.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allah.