ƊAN ZAMFARA NA BIYAN HARAJI BIYU

Bayan ya yi godiya ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), Malam ya fara jawabinsa ga 'yan uwa a Ƙaura Namoda da tunatar da su cewa tun 1929 jirgin ƙasa ya iso garin, kuma nan ne ƙarshen layin dogo. A da gyaɗa da auduga ake lodi daga nan zuwa bakin teku, kasuwar Shinkafi kuma har daga Nijar ake zuwa cinta. Ya ce saboda haka kada wani ya gaya wa mutanen yankin wai gadon talauci suka yi. Ƙirƙiro masu shi aka yi.

Malam ya ce lokacin da aka yanki Zamfara daga Sakkwato a 1996 an ce gwamnati ta matso kusa da talaka. Da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau a 1999 mutane har kuka suka yi don murna. To amma wa aka fara yanke wa hannu a 2000? Talaka ne, a kan saniya. Masu sata da biro kuwa, waɗanda ke haɗiye kuɗin asibiti da na takin zamani, har yau da hannuwansu biyu suke gaisawa da mutane a sahun gaba na masallaci. Ya tunatar da cewa Manzo (S) ya ƙi karɓar ceto a kan matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, duk da girman gidansu.

A nan ne Malam ya daɗe. Ya ce manomin Zurmi da na Shinkafi ya wayi gari yana biyan haraji biyu, ɗaya ga hukumar da ba ta tsare shi, ɗaya ga ɗan bindigar da sai an ba shi kuɗi zai bari a yi shuka, a sake ba shi kafin a yi girbi. Da mahukunta suka tashi magance abin a Satumbar 2021, sai suka rufe kasuwannin mako, suka katse layukan waya. Ɓarawo yana dajin Sububu da babur ɗinsa, mai tallar ƙosai ce ta kwana da yunwa. A 2022 kuma gwamnatin jihar da kanta ta tuɓe Sarkin Zurmi bisa zargin hulɗa da 'yan bindiga. Ina talaka zai kai ƙara?

Ya ce Shehu Usmanu ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin alamomin mulkin zalunci a Kitabul Farƙi, kuma Namoda da garin ke amsa sunansa a kan kawar da irin wannan ya yi jihadi.

Daga nan Malam ya nemi 'yan uwa su riƙa ziyartar waɗanda suka gudo daga ƙauyuka, kowa ya kai abin da ya sawwaƙa, ko da kwanon gero ne, musamman ga matan da aka kashe wa mazaje. Aka rufe da addu'a dab da magariba.