Igiya da Guga: Sadaka da Kayan Sarrafa Kwamfuta Daga Nesa

 

An ce in yi magana a kan bayar da taimako, ni kuwa na ga gara in biyo ta wata ƙofa da ba a saba shiga ba, wato kayan da ake sarrafa kwamfuta da su daga nesa. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. A ɗan yi mini haƙuri.

Da yawanku kun taɓa ganin abin da idonku. Kwamfutar ofis ta ƙi aiki, aka kira mai gyara a waya, ya ce a karanto masa lambobin da suka fito a allo. Ana gama karantawa sai 'yar kibiyar nan ta fara yawo da kanta, ta buɗe wannan ta rufe wancan, alhali hannun kowa na aljihu. Mai gyaran yana Kaduna, kwamfutar tana Gumel, babu kuɗin mota, babu kwana a hanya. Galibi da TeamViewer ko AnyDesk ake yin wannan, dukkansu na kamfanonin Jamus ne, na farkon ya fito a 2005, na biyun a 2014. Su 'yan kasuwa ne, suna da masu biyansu, ba su ne damuwata ba yau. Sai dai in ja kunne a gurguje: duk baƙon da ya kira ka ya ce daga banki yake, ka karanto masa irin waɗannan lambobi, to kashe wayar kawai.

Damuwata tana kan waɗanda aka bayar kyauta. A 1998 wasu masu bincike a birnin Kambirij na Ingila suka saki manhajar VNC, wadda ke nuna maka allon wata kwamfuta a kan taka, suka bar kowa ya ɗauka ya gyara yadda yake so. Kafin su, a 1995, wani ɗan ƙasar Finland mai suna Tatu Ylönen ya ƙirƙiro SSH bayan an yi satar kalmomin sirri a jami'arsu. Ita SSH ba ta da ado, baƙin allo ne da rubutu, amma tana ɓoye duk abin da ke wucewa tsakanin kwamfuta biyu. A 1999 'yan aikin OpenBSD, ƙarƙashin jagorancin Theo de Raadt a birnin Kalgari na Kanada, suka fitar da tasu ta kyauta mai suna OpenSSH. Yau ita ce ƙofar da injiniyoyi ke bi su shiga manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet, na bankuna, na kamfanonin waya, na jami'o'i. Ko ba ka taɓa jin sunanta ba, ka ci moriyarta.

To wa ke biyan masu kula da ita?

A farkon 2014 'yan OpenBSD suka fito fili suka ce suna neman kimanin dala 20,000 don biyan kuɗin wutar injinansu, in ba a samu ba aikin na iya tsayawa. Ku duba fa, kuɗin wuta. Mutanen da kamfanoni masu biliyoyi ke dogaro da aikinsu ne ke yawo da ƙoƙon bara saboda lantarki. Jama'a sun kai ɗauki, aka tsallake. Bayan 'yan watanni, a Afrilun shekarar, sai aka gano wata ɓaraka da aka yi wa laƙabi da Heartbleed a wata manhajar tsaro ta daban, OpenSSL. Nan duniya ta ji cewa gudummawar da ke shigo musu a shekara ba ta wuce kusan dala 2,000 ba. Sai da abin ya fashe sannan manyan kamfanoni suka haɗa asusu ta hannun Gidauniyar Linux. Microsoft ma ta ba Gidauniyar OpenBSD gudummawa a 2015, daga baya ta saka OpenSSH a cikin Windows. Alheri ne, ba na rainawa, amma ihu ne bayan hari.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Maris 2024. Akwai wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda mutum guda, Lasse Collin, ya daɗe yana ɗauke da ita a lokacin hutunsa ba tare da albashi ba. Ya gaji, ya ma faɗa a fili cewa ya gaji. Sai wani mai amfani da sunan Jia Tan ya bayyana yana taimaka masa, yau gyara kaɗan, gobe gyara kaɗan, har kusan shekara biyu, har aka amince aka ba shi dama. Ashe tarko yake ɗanawa. Ya dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa wadda za ta bar shi ya shiga kwamfutocin mutane ta hanyar SSH. Abin da ya tona asirin shi ne wani injiniya, Andres Freund, ya lura cewa shiga kwamfutarsa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa! Mu da muke jira minti biyar shafi bai buɗe ba muna cewa netwok ne. Shi bai bar maganar ba, ya bi diddigi har ya kai ga tushen. Ɓarawon bai fasa ƙofa ba, gajiyar mai gadi ya samu, mai gadin da babu wanda ya taɓa tambayar ko ya ci abinci.

Mu a nan ba baƙin wannan hali ba ne. Mun san darajar rijiya, mun san labarin rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya a Madina ya bar wa jama'a. Amma kowa so yake ya haƙa sabuwa a kafa allo da sunansa. Igiya da guga kuwa, da yashe rijiyar in ta cushe, ba mai rububinsu. Haka muke yi da kwamfuta. Attajiri ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za su sayo guda ashirin su kai makaranta, a yanka kirtani, a ɗauki hoto. Ka koma bayan shekara ka tarar da ɗakin a kulle, an lulluɓe su da zani, ƙura ta yi kauri har yara na rubuta sunansu a kai da yatsa. In ka bincika, yawanci ba wani babban abu ba ne ya lalace. Manhaja ce ta rikice, ko an manta kalmar sirri, mai gyara kuma yana birni, babu wanda ya ware kuɗin kiransa.

A nan ne kayan nesa ke da rana. Matashi guda mai ilimin abin, in an ba shi albashi da data, zai iya duba makarantu da dama daga kujerarsa. Har kwamfutar da ta ƙi tashi gaba ɗaya akwai dabararta: wata 'yar na'ura mai suna PiKVM, da ake haɗawa a kan Raspberry Pi, ana jona ta a bayan kwamfutar, ta zame wa mai gyara ido da hannu, ya ga allon tun daga kunnawa, ya danna maɓallai kamar yana wurin. Ita kanta Raspberry Pi, da aka fara sayarwa a 2012 a kan dala 35, wata gidauniyar taimako ce a Ingila ta fito da ita don yara su koyi kwamfuta. Sai dai kada in yi muku zaƙin baki: in babu wuta ko babu intanet a ƙauyen, duk wannan tatsuniya ce. Sola da layin data su ma suna cikin lissafi.

Ban ce a taɓa zakka ba. Ita an riga an ƙayyade rukunin mutane takwas da za a ba a Suratut Tauba, wannan fagen malamai ne. Maganata a kan sadaka ce da waƙafi, inda ƙofa take a buɗe.

Ga abin da nake roƙo a wurin masu hannu da shuni da ke zauren nan. In kun yi niyyar ba makaranta kwamfuta ashirin, ku sayi goma sha biyar, kuɗin biyar ɗin ku ajiye su a rubuce don mai kula da su, da data, da batirin sola, na shekara uku. Ku kuma shugabannin sashen kwamfuta na jami'o'i da kamfanoni, a kasafin baɗi ku buɗe layi guda, ko na dala ɗari ne, ku aika wa masu kula da manhajar da injiniyoyinku ke shiga da ita kowace safiya. Gidauniyar OpenBSD tana karɓar gudummawa kai tsaye ta intanet.