Jawabi a Kan Karatun Birnin Tumbutu

Yau batunmu na ilimi ne, kuma birnin Tumbutu na ƙasar Mali za mu ɗauka, don sunansa ya yawaita a bakin masu jawabi. Kullum sai mu ji ana cewa can akwai Jami'ar Sankore tun kafin Nasara su zo. Maganar da daɗin ji, amma tana son gyara. Wanda ya ji an ce jami'a, irin ta Yamai ce za ta faɗo masa a rai, watau gine-gine, da shugaba, da aji-aji, da difilom. Sankore kuwa masallaci ne, wanda Alƙali Aƙibu ya sake ginawa wajen 1580. Karatu a cikinsa ake yi, da cikin zaurukan malamai, kowane malami da almajiransa. Ɗalibi shi ke zaɓen malaminsa, ya zauna gabansa da littafi guda har ya sauke, sa'an nan malamin ya rubuta masa ijaza, ya jera sunayen waɗanda shi ma ya karɓa daga gare su.

To, jama'a, wannan ai ba baƙon abu ba ne gare mu. Shi ne karatun zaure da muke gani a Damagaram da Agadas da Maraɗi. Littattafan ma su ne dai: Muwaɗɗa, Risala, Muhtasar. Ahmad Baba, wanda aka haifa a 1556, wajen shekara 10 ya yi gaban malaminsa Muhammadu Bagayogo, mutumin da ya yi suna wajen ba da aron littattafansa ga duk mai so. Littafin Tarihul Fattashi ya ce makarantun allo na birnin sun kai 150 zuwa 180. Ya kuma ba da labarin wani malami da aka ƙirga abin da yara suka kawo masa ranar Laraba, wannan wuri 5, wancan wuri 10, sai ga wuri 1,725. Kun ji kuɗin Laraba, ashe tsohon abu ne. Talakawa da fatake su suka ɗauki nauyin karatun nan, sarakuna suna taimakawa da kyauta. Hanya kuma ba ta yanke tsakaninsu da ƙasar Hausa ba. Kakan Ahmad Baba ya karantar a Kano a kan hanyarsa ta dawowa daga hajji, Malam Mahlufu Albilbali kuma ya karantar a Kano da Katsina.

Me ya karya shi? Bindiga. A 1591 rundunar Sarkin Maroko, Ahmadu Almansur, ta ci Songai a Tondibi. A 1593 aka kama manyan malaman Tumbutu, aka kashe waɗansu, aka wuce da saura Marakish cikin mari. Ahmad Baba ya ce littafi 1,600 aka kwashe masa, kuma nasa ne mafi ƙanƙanta cikin danginsa. Sai 1608 ya komo gida. Masallacin yana nan tsaye har yau, ba wanda ya rushe shi. Mutanen aka ɗauke, karatun ya rame.

Da Faransa ta zo sai ta kawo lakkwal, ta ce wanda bai san Faransanci ba jahili ne, ko da ya haddace Muhtasar. Wannan hukunci bai tafi tare da kwamanda ba. Mun sami madarasar Sayi a 1957, jami'ar Yamai a 1973, jami'ar Musulunci ta Sayi a 1986, duk alheri ne, muna murna da su. Amma malamin zaure da ya yi shekara 20 yana karatu, in ya je neman aiki, difilom ake tambayarsa, ijazarsa ba mai dubawa. Mu da kanmu muke yabon Sankore da ke nesa, muna raina irinta da ke bayan gidanmu.

Saura batun takardu. A 2012 'yan bindiga suka kama Tumbutu, a Janairun 2013 suka ƙone rubuce-rubuce wajen 4,000 a cibiyar da aka raɗa wa sunan Ahmad Baba. Dubbai masu yawa sun tsira, don iyalan da suka gaje su sun zuba su cikin akwatunan ƙarfe, aka bi da su ta mota da jirgin ruwa har Bamako a ɓoye. Namu ba wuta ke cinsu ba, gara ce da yoyon damina. Abin da marigayi Bubu Hama ya tara yana ajiye a jami'ar Yamai, saura kuwa suna cikin gafaka a gidajen magada, waɗansu an fi shekara 30 ba a kwance su ba.

Saboda haka muna roƙon kowane reshe, kafin taro mai zuwa, ya aiki mutum 2 su zaga zaurukan garinsu da ladabi, su rubuto sunan littattafan da ake karantawa, da yawan ɗalibai, da gidajen da ke da tsofaffin takardu. Kada a karɓi takardar kowa, ko aro. A duba in ruwa ko gara na taɓa ta, a rubuta, a miƙa wa magatakarda. Wassalamu.